Hancin Tarwada da Abincinta: Jagora ga Masu Kiwon Kifi a Jos

Duk mai kiwon tarwada a Jos, daga Rikkos har Bukuru, ya san wannan damuwar: an watsa abinci, ƙwayoyin suna ta yawo a saman ruwa har su jiƙe su nutse, kifi bai ko ɗago kai ba. Yawancinmu buhun abinci muke fara zargi. Sai a sake kamfani, ko a sayo wani gari da aka ce yana buɗe wa kifi ciki. Kuɗi ya tafi, matsala tana nan daram. Alhali kafin abinci ya kai bakin kifi, sai labarinsa ya fara isa hancinsa da gashin bakinsa, kuma masu kai wannan labari wasu ƙananan sinadarai ne da ake kira amino asid. Wanda ya gane yadda abin yake aiki zai ga cewa sau da yawa gyaran yana cikin ruwan tanki, tun kafin a taɓa buhu.

Mataki na farko: ka ga hancin da idonka

Ranar da aka yanka tarwada a gida, kada a yi saurin jefa kan cikin tukunya. Ka wanke shi, ka ɗora a faranti a inda akwai haske. A kowane gefe na fuskar za ka ga ƙofofi biyu. Ta gaba 'yar ƙaramar bututu ce kusa da leɓen sama. Ta baya tsaga ce siririya, a gindin gajeren gashin nan da ke tsaye a saman hanci. Ruwa yana shiga ta ƙofar gaba, ya fita ta baya.

Ɗauki sabuwar reza ka tsaga fatar da ke tsakanin ƙofofin biyu a hankali, ka ɗaga ta. A ƙasa akwai ɗan rami, a cikinsa wata tsoka mai taushi, doguwa, mai ninki-ninki da yawa jere a sahu biyu, hagu da dama, da layi a tsakiya. Idan ka matso da kyamarar wayarka za ka ga ninkin sosai. Wannan tsokar ita ce hancin na ainihi. Amfanin ninkin shi ne ya ƙara faɗin wurin da ruwa zai shafa, domin a jikin kowane ninki akwai ƙwayoyin jijiya masu ɗimbin yawa, kowace da 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda ke tsoma kai tsaye cikin ruwan. Wasu gashin kuma aikinsu kaɗa ruwa ne, don ya riƙa gudana ko da kifin yana kwance bai motsa ba.

Abu biyu za ka lura da su. Hancin ba ya haɗe da maƙogwaro, don haka kifi ba ya numfashi da shi. Iskar da tarwada ke tasowa ta haɗiya ta baki take shiga. Aikin hanci ɗaya ne tak, sansana ruwa. Na biyun shi ne wanda ya fi shafar mai kiwo: jijiyoyin nan a tsirara suke, babu fata mai kauri da ta rufe su. Duk abin da ke cikin ruwan tankinka, mai kyau da marar kyau, yana taɓa su dare da rana.

Idan ƙwayar amino asid ta manne a jikin gashin jijiya, sai jijiyar ta aika saƙo zuwa wani ɗan ƙullutu da ke bayan hancin, daga nan wata doguwar jijiya ta kai shi gaban ƙwaƙwalwa. Can ne kifi ke gane ko abinci ne, ko ɗan'uwa, ko haɗari.

Mataki na biyu: ka san abin da kifi ke sansana

Furotin, wato sinadarin gina jiki da ake rubuta adadinsa a jikin buhu, an gina shi ne da amino asid iri 20. Ka ɗauke shi kamar carbi: furotin shi ne carbin a zare, amino asid su ne ƙwayoyin. Muddin suna cikin zaren, hancin kifi ba ya jin su. Sai waɗanda suka tsinke suka narke a ruwa. Shi ya sa za ka iya samun abinci mai furotin kashi 42 cikin 100 wanda kifi ke ja da baya a kansa, ga kuma tana guda ɗaya da aka tsinke biyu, duk tankin ya ruɗe. Jikin tana, da jatan lande, da tsutsa, da ɗanyen kifi, cike yake da sakakkun amino asid masu saurin narkewa.

A nan ne hancinmu da na kifi suka rabu. Mu abin da ya tashi a iska muke ji. Kifi abin da ya narke a ruwa yake ji. Amino asid ba sa tashi a iska, shi ya sa kai ba za ka ji ƙamshinsu ba. Shi kuma man ja ko turaren abinci da wasu ke zubawa don jan hankalin kifi, yawo kawai yake yi a saman ruwa. Mai yana da amfaninsa wajen ba kifi ƙarfi, amma ba shi ke kiransa ba. Don haka shinshina buhu da hancinka zai iya gaya maka ko abincin ya lalace, amma ba zai gaya maka ko kifi zai so shi ba.

Masana sun daɗe a kan wannan. A shekarar 1971 Suzuki da Tucker suka auna yadda jijiyoyin hancin wata tarwadar Amurka ke amsa amino asid. A cikin shekarun 1970 Toshiaki Hara ya yi irin wannan aiki a Kanada a kan kifayen ruwan sanyi, John Caprio kuma na jami'ar jihar Luwiziyana ya shafe shekaru yana nazarin tarwadar da ake kiwo a kudancin Amurka. Abin da suka gano yana da ban mamaki. Gram 1 na amino asid mai suna alanin, idan aka narkar da shi a ruwa lita 100,000, wato tanki 100 masu cin lita 1,000, kifi zai ji shi. A wasu gwaje-gwajen ma jijiyoyin sun amsa abin da bai kai haka ba nesa ba kusa ba. Caprio ya nuna cewa hancin ya fi amsa irin su sistein, metiyonin da alanin, ɗanɗano kuma ya fi amsa alanin da ajinin. Tarwadar Amurka da tamu dangi ne, tsarin hancinsu da gashin bakinsu iri ɗaya ne, shi ya sa darasin yake mana amfani.

Tarwada kuma tana da wata baiwa da ta fi ta sauran kifaye. Ɗanɗanonta bai tsaya a baki ba. Gashin bakinta guda 8 da fatar jikinta duk suna ɗauke da ƙwayoyin ɗanɗano. Jelle Atema ya ƙiyasta a 1971 cewa wata ƙaramar tarwadar Amurka tana da sama da 175,000 a jikinta. Kafin nan, a 1967, Bardach da abokan aikinsa sun nuna cewa irin wannan kifi yana iya bin sawun abinci har ya same shi da ɗanɗano kaɗai. To mene ne aikin hancin ke nan? Binciken da Tine Valentinčič ya yi tare da Caprio a shekarun 1990 ya amsa wannan: tarwadar da aka lalata wa hanci tana ci, amma ba ta iya koyon bambance wannan amino asid da wancan. Mai lafiyayyen hanci kuwa tana koyo, tana kuma riƙewa. Ma'ana, kifinka ya haddace ƙamshin abincin da ka saba ba shi. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mataki na uku: ka tsaya ka kalli yadda suka ƙi cin

Yawancin masu kiwo watsa abinci suke yi su juya baya. Ka ba shi minti 10 kana tsaye shiru a gefen tanki. Cin abincin kifi hawa uku ne: ya ji labari ya zabura, ya nema, sannan ya ɗanɗana ya haɗiye ko ya tofar. Inda abin ya tsaya shi zai nuna maka inda cutar take.

Idan ka zuba abinci ba wanda ya motsa, suna kwance a ƙasa ko sun yi cirko-cirko a tsaye kai sama, ba abincin ba ne. Ka duba sanyi, ka duba ruwa, ka duba ko akwai ciwo. Idan sun zabura suna ta kai-komo, gashin baki a miƙe, amma ba su nufi inda abincin yake ba, to ƙamshin abinci ya cika tankin ko'ina, sun rasa ta ina yake fitowa. Wannan alamar ruwa ne da ya ƙoshi da ragowar abinci. Idan kuwa sun zo da gudu, sun cafka, sun tofar, to hanci ya yarda, baki ne ya ƙi. A nan kam ka koma kan buhu: man da ke ciki ya yi ɗaci, ko abincin ya yi fumfuna, ko ƙwayar ta fi ƙarfin bakinsu.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai raba maka gardama. Ka sami tsumma biyu masu tsabta waɗanda ba su taɓa sabulu ba. A ɗaya ka ƙulle tana biyar da ka daka, a ɗayan ka ƙulle tsakuwa. Ka ɗaura su da zare, ka zura su a kusurwa biyu na tankin a lokaci guda, da magariba ya fi kyau, don kada ido ya yi musu jagora. Kifi mai lafiya a ruwa mai kyau, cikin ɗan lokaci za ka ga sun taru a tsumman tana suna shafa shi da gashin baki suna cizo, sun bar na tsakuwa. Idan haka ta faru alhali sun ƙi abincinka, laifin abinci ne. Idan har tanar ma ba su kula ta ba, kada ka kashe ko sisi a kan sabon buhu tukuna.

Mataki na huɗu: ka gyara ruwa, nan ne aikin yake

Ruwa ba ya lalacewa banza. Ragowar abincin jiya da shekaranjiya da ya kwanta a ƙasa yana ci gaba da sakin amino asid, kashin kifi da majinar jikinsu ma haka. Hancin kifi bambanci yake ji, wato nan ya fi can ƙarfi. Idan ko'ina ya cika, ɗan abin da sabuwar ƙwaya ta saki ba ya fitowa fili, jijiyoyin ma idan suka daɗe cikin abu ɗaya sukan rage amsa shi. Sai mai kiwo ya ga ba su ci ba, ya ƙara zubawa da yamma ko za su ci, ya ƙara dagula lamarin. Ga kuma amoniya, wani sinadari mai guba da ke taruwa daga wannan ruɓar, wadda ita kanta tana kashe wa kifi sha'awar abinci, gubarta kuma tana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi ko ma'aunin pH ya hau (pH lamba ce da ke nuna tsamin ruwa: tana sauka idan tsami ya ƙaru, tana hawa idan ya ragu).

Saboda haka idan kifi ya ƙi ci, ka dakatar da abinci na yini guda. Ba abin da zai same su. Ka zuƙe dattin ƙasa da tiyo, ka sauya wajen kashi ɗaya cikin uku na ruwan, gobe ka sake. Kada ka zubar da shi gaba ɗaya ka cika da sabo mai sanyi, girgizar da za su sha ta fi dattin illa.

Sai kuma abubuwan da ke ƙona hancin kai tsaye, kuma a Jos muna da su a kusa da mu fiye da yadda muke zato.

Na farko garin sabulu. Tun 1965 Bardach da abokansa suka nuna cewa ɗan kaɗan na sabulun wanki a ruwa yana cinye ƙwayoyin ɗanɗanon tarwada, yana kuma raunana jin ƙamshinta. Bokitin da aka yi wanki da shi da safe, da rana a ɗebi ruwan kifi da shi, wannan kuskure ne da ake yi a gidaje da yawa. Ka ware wa kifi bokitinsu, da kwanonsu, da ragarsu, ka yi musu alama, ka gaya wa yara da uwargida. Wanke tanki kuma da buroshi da gishiri ya wadatar, a ɗauraye sosai.

Na biyu tagulla. Binciken da aka yi a kan kifin salmon, wani kifin ruwan sanyi, a Amurka ya nuna cewa tagullar da ta narke a ruwa, ko da 'yan kaso kaɗan ne cikin biliyan, tana dakushe jin ƙamshi cikin awanni. Ina tagulla za ta fito a wurinmu? Wasu magungunan feshin da ake yi wa tumatir da dankalin turawa don maganin cutar ganye suna ɗauke da ita, haka wasu magungunan kashe gansakuka. Tsofaffin kududdufan kuza da suka cika Filato, da su ake noman rani, a bakinsu kuma wasu ke wanke injin feshi. Idan daga irin wannan kududdufi kake jan ruwa, ka zagaya shi da ƙafarka ka ga abin da ake yi a gaɓarsa, ka yi magana da manoman cikin mutunci. In da hali ka kai ruwan a gwada a ɗakin gwaji kafin ka zuba 'ya'yan kifi. Kuma kada ka taɓa amfani da injin feshin gona wajen yayyafa wani abu a kan abincin kifi, ko an wanke shi sau nawa.

Na uku kulorin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a ruwan famfo. Ka tara ruwan a buɗaɗɗen mazubi ya kwana ɗaya ko biyu kafin ya shiga tanki. Na huɗu tsamin ruwa. Tarwada ta fi son pH tsakanin 6.5 da 8.5, kuma an ga cewa idan ruwa ya yi tsami, wasu saƙonnin ƙamshi ba sa isa ga kifi yadda ya kamata. Takardar gwajin pH ba ta da tsada, ka ajiye ta, musamman da damina. Man fetur da baƙin mai na injin ban ruwa, su ma a nisanta su.

Abin farin ciki shi ne jijiyoyin hancin kifi suna sabuntawa. Idan ka kawar da abin da ke cutar da su, sababbi suna tsirowa, cikin kwanaki ko 'yan makonni kifi ya dawo cin abincinsa. Haƙuri kawai ake bukata, ba ƙarin magani ba.

Mataki na biyar: sanyin Jos

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu daren hunturu yakan sauko kusa da digiri 10. Tarwada kifin ruwan ɗumi ce, ta fi ci da girma tsakanin digiri 26 zuwa 30. Jikinta ba ya ɗumama kansa, idan ruwa ya yi sanyi komai nata yana lafawa, har da narkar da abinci. Da ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 za ka ga cin ya ragu ƙwarai. A wannan hali ko ka zuba mata duk amino asid na duniya, za ta ji, amma ba za ta ci ba. Ina jaddada wannan ne domin a hunturu ne aka fi yi wa mutane tallan magungunan buɗe ciki.

Ka sayi ma'aunin zafi ka riƙa tsoma shi safe da yamma. Ka mayar da babban ciyarwa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ruwa ya fi ɗumi, ka rage yawan abincin. Ka rufe tankin da farar leda mai kauri da daddare, ka bar 'yar kafa ta iska, ka kare shi daga gefen da iskar ke bugowa. Ruwan da ya fito daga rijiyar burtsatse kai tsaye da sassafe ya fi wanda ya kwana a tankin sama ɗumi, da shi za ka yi sauyi. Ba banza ba aka kawo wani kifin ƙasashen waje mai suna kaf (carp) zuwa gonar kifi ta Panyam da ke ƙaramar hukumar Mangu tun a shekarun 1950, shi yana jure sanyin da tarwada da karfasa ba sa so.

Mataki na shida: ka sa abincin ya yi kira

Sai ruwa ya gyaru, zafi ya daidaita, sannan wannan matakin zai yi amfani. Ya fi shafar masu haɗa abinci da kansu saboda tsadar na kamfani. Abin da muke samu a kasuwa shi ne masara, waken suya, ƙuli-ƙuli, dusa. Suna da furotin, amma sakakkun amino asid ɗin da kifi ke so sun yi ƙaranci a cikinsu, waken suyar da ba a gasa sosai ba kuma yana da sinadaran da ke hana narkar da furotin. Da ka rage garin kifi ka ƙara wake, sai cin ya ja baya.

Ka bambance abu biyu a nan. Akwai amino asid 10 da dole kifi ya samu a abinci don ya girma, daga ciki laisin da metiyonin ne suka fi ƙaranci a hatsi da ƙuli-ƙuli, shi ya sa masu haɗa abinci ke sayensu a shagon kayan kaji su ƙara. Wannan don gina jiki ne. Kiran kifi zuwa ga abinci wani aiki ne daban, kuma gauraye na halitta, mai alanin da gilaisin da sauransu tare, ya fi amino asid ɗaya tilo jan kifi.

Ga yadda za ka yi. Ka sami garin jatan lande ko garin busasshen kifi mai kyau, cikin tafin hannu biyu, ka jiƙa a ruwan ɗumi lita 1, ba tafasasshe ba. Ka bar shi kamar rabin awa kana motsawa, ka tace da tsumma. Wanda ke da tana a lambu, dakakkiyar tana da aka tace ta fi ƙarfi. Ka auni abincin da za ka bayar a wannan ciyarwar kaɗai a cikin roba, ka yayyafa ruwan kaɗan-kaɗan kana juyawa da hannu. Wajen rabin ƙaramin kofin shayi ya wadaci kilo 1 na abinci. So ake ƙwayar ta yi danshi a baya, kada ta jiƙe har ciki ta farfashe. Ka shanya a inuwa na minti 10 zuwa 15, ka bayar. Dusar da ta rage a tsumma kada a zubar, a zuba ta cikin haɗi na gaba.

Dalilin yayyafawa a baya maimakon cusawa a ciki shi ne, abin da ke bayan ƙwaya ne ke fara narkewa da ta taɓa ruwa, kuma daƙiƙun farko su ne na kira. Cikin ƙwayar kuwa so ake ya riƙe kansa, don haka wajen haɗi ka dama sitacin rogo da ruwan zafi ya zama abin ɗaurewa. Ƙwayar da ke watsewa nan take ta zubar da amfaninta a ruwa, ta kuma ɓata shi.

Kada ka ajiye abincin da ka jiƙa ya kwana, kada ka ajiye ruwan jiƙon. Fumfuna tana saurin kama shi, kuma fumfunar gyaɗa da masara tana haifar da gubar afalatoksin mai lalata hantar kifi. Ƙuli-ƙulin da ya yi baƙi-baƙi ko kore, ko yana warin tsohon mai, ka bar shi a kasuwa komai arharsa.

Sai batun kayan cikin kaji da jinin mayanka. Gaskiya ne tarwada tana rububinsu, domin jini da ɗanyen nama suna sakin amino asid da yawa. Amma a tankin siminti ko na tampol, ɗanyensu yana kashe ruwa cikin yini guda, yana kuma iya shigo da cuta. Idan za ka yi amfani da su, ka dafa, ka bayar daidai abin da za su cinye a gabanka, ka kwashe saura. Jini kuma a dafa a busar a niƙa, a sa kaɗan cikin haɗi, don idan ya yi yawa kifi ba ya son ɗanɗanonsa. Wanda ya ruɓe har yana ɗoyi, wannan ba abinci ba ne. Ɗoyin da kake ji alama ce cewa amino asid ɗin sun fara rikiɗewa zuwa amoniya da wasu abubuwa masu cutarwa.

Mataki na bakwai: wuri ɗaya, lokaci ɗaya, sauyi a hankali

Mu koma kan haddar nan. Tunda kifi ya san ƙamshin abincinsa, ranar da ka kawo sabo kwatsam baƙo ne a wurinsa. Mutane da yawa sun yanke wa abinci mai kyau hukunci a kwana biyu saboda wannan. Idan za ka sauya, daga na kamfani zuwa haɗin gida ko daga mai yawo a sama zuwa mai nutsewa, ka gauraya: kwana biyu ko uku kashi ɗaya sabo kashi uku tsoho, sannan rabi da rabi, sannan sabo ya rinjaya, cikin mako guda ko kwana 10 ka gama. Idan kana yayyafa ruwan jiƙo iri ɗaya a kan tsohon da sabon, sauyin ya fi sauƙi, don ƙamshin da suka sani yana tare da su. Wajen sayen 'ya'yan kifi ma ka tambayi mai ƙyanƙyasa abin da yake ba su, ka fara da shi.

Ka riƙa ciyarwa a kusurwa ɗaya. Ka tsayar da shigar ruwa lokacin ciyarwa a ƙaramin tanki, don kada igiyar ruwa ta watsa ƙamshin ko ta fitar da shi. A babban tafki kuwa ka zuba ta gefen da ruwa ko iska ke fitowa, ƙamshin ya gangara ya iske su. Ka fara da 'yan ƙwayoyi kaɗan, ka jira su zabura, sannan ka ci gaba da watsawa, ka tsaya da zarar rububin ya lafa. Abin da ba a cinye cikin minti 15 ba ya yi yawa. In ba a hunturu ba, ciyarwar magariba ta fi karɓuwa, domin tarwada mai kiwon dare ce, idonta ƙanana ne, da hanci da gashin baki take aiki. Karfasa ta bambanta, da rana take ci kuma tana dogara da ido sosai, don haka ita a ba ta da hantsi da la'asar.

Abu na ƙarshe da ya shafi hanci shi ne tsoro. A 1938 Karl von Frisch ya gano cewa idan fatar wani ƙaramin kifin Turai ta yage, tana sakin wani sinadari da ke firgita 'yan'uwansa su watse. Tarwada da kifin kaf suna cikin babban dangin kifayen da ke da irin waɗannan ƙwayoyi a fata. Ranar da ka ware manya da ƙanana, an kama su da raga, an goge fata, wasu sun soki juna da ƙaya, ruwan yana ɗauke da labarin rauni. Kada ka ba su abinci a ranar. Ka hana su abinci yini guda kafin aikin, ka yi shi da sanyin safiya da jiƙaƙƙen hannu, ka sauya wani ɓangare na ruwan bayan an gama, ka jira gobe. Wanda ya ji rauni sosai ka fitar da shi daban, domin jinin da ke fita daga jikinsa kiran abinci ne ga manyan, kuma tarwada ba ta jin kunyar cin 'yar'uwarta. Gawa kuma a tsame ta da zarar an gani.

Hannunka ma yana da nasa ƙamshin a ruwa. A shekarun 1950 masu bincike a Kanada sun ga cewa ruwan da mutum ya ɗauraye hannu a ciki yana sa kifin salmon ya ja da baya, aka kuma gano amino asid mai suna serin na fatar mutum yana cikin abin da ke jawo haka. Tarwadar tanki ta saba da mai ita, ba ta kai salmon ƙyanƙyami ba. Amma ga masu zuwa kamun kifi da ƙugiya a madatsun ruwa irin na Lamingo, yana da kyau kafin ka taɓa tanar ka ɗauraye hannu da ruwan wurin, ka goge shi da laka, musamman in ka taɓa fetur, taba, ko man shafawa. Ka huda tanar ta yadda ruwan jikinta zai riƙa fita, ka jefa ta a gefen da ruwa ke gangarowa zuwa inda kake zaton kifin yake don ruwa ya kai masa, kuma idan ta daɗe a ruwa har ta yi fari, ka cire ta ka sa sabuwa.